Yadda Za Ka Karanta Zanen ECG Na Agogon Hannu, Da Abin Da Agogon Ba Ya Iya Gani



Kwanakin baya wani abokina a Kabo ya turo min hoto ta WhatsApp da daddare. Mahaifinsa na fama da ciwon ƙirji da gumi, sai ya ɗaura masa agogon da ya saya a kasuwa. Agogon ya nuna layi mai kyau, shi ya sa yake son su bari sai da safe. Na ce masa su kama hanyar asibiti a take. Darasin yau daga nan ya samo asali.

Shin ECG ne na gaskiya?

ECG yana auna wutar lantarkin da zuciya ke fitarwa a duk bugu. Likitan ƙasar Holand, Willem Einthoven, ya samu kyautar Nobel a 1924 saboda wannan na'ura. Apple ya saka ta a Apple Watch Series 4 a 2018, wasu agogunan Samsung ma suna da ita. A irin waɗannan, sai ka ɗora yatsan ɗaya hannun a jikin agogon na daƙiƙa 30.

Koren hasken da ke bayan agogo ba ECG ba ne, gudun jini yake aunawa a fata. Agoguna masu araha da yawa zane kawai suke nunawa. Gwada naka: ajiye shi a kan tebur ka danna ECG. Idan ya zana bugu babu hannu, to ado ne.

Matakai 4 na karanta zanen

1. Gane akwatuna. Takardar ECG tana tafiya milimita 25 a daƙiƙa. Ƙaramin akwati daƙiƙa 0.04 ne, babba kuma 0.2. Manyan akwatuna 5 daƙiƙa ɗaya ke nan.

2. Gane siffofin. P ɗan ƙaramin tudu ne a farko, lokacin da ɗakunan sama na zuciya ke matsewa. QRS shi ne dogon tsinin, na ɗakunan ƙasa, ƙololuwarsa ita ce R. T tudun da ke biye ne, lokacin da ɗakunan ƙasa ke shirin bugu na gaba.

3. Lissafa sauri. Ƙirga manyan akwatunan da ke tsakanin R biyu, ka raba 300 da su. Akwati 4 bugu 75 ne a minti, akwati 2 kuma 150. Babban mutum da ke zaune yana hutawa, bugu 60 zuwa 100 shi ne daidai. Idan bugun ba a jere yake ba, ƙirga R a cikin manyan akwatuna 30 ka ninka da 10.

4. Duba tsari. Idan tazarar R ta rikice, kuma babu P a bayyane, yana iya zama matsalar da likitoci ke kira AF, wadda kan jawo shanyewar ɓarin jiki. Amma motsi da karkarwar hannu ma suna ɓata zane, don haka zauna, ɗora hannu a cinya, ka maimaita.

Inda agogo ya tsaya

Agogo ta kusurwa ɗaya yake kallon zuciya. Na asibiti ana manna wayoyi 10 a ƙirji da hannaye da ƙafafu, ya ba da kusurwa 12. Shi ya sa agogo ba ya gano bugun zuciyar da toshewar jijiya ke haddasawa, kuma Apple da kansa ya faɗi haka. Mutum na iya kasancewa cikin haɗari alhali agogonsa na cewa lafiya lau.

Idan akwai ciwon ƙirji mai danna mutum, ko ya sauka a hannu ko muƙamuƙi, ko gumi mai sanyi, haki ko suma, a ajiye waya a nufi asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Gwarzo. Idan sun ga da buƙata, su za su tura shi Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Daga Gwarzo zuwa Kano tafiyar sama da awa ɗaya ce, kuma naman zuciya mutuwa yake yi muddin jini bai isa gare shi ba.

Idan mutum ya faɗi ba ya numfashi, kada ka nemi agogo. A kira 112, kai kuma ka danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti.

Amfanin agogon shi ne ka adana zanen a PDF lokacin da ka ji zuciyarka na fat-fat, ka nuna wa likita. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa. Allah Ya ƙara mana lafiya.