Darasi: Kuɗi Sun Shigo a Dunƙule, Me Za Ka Fara Sa wa Motarka?



Daga watan Janairun 2026 sabuwar dokar haraji ta fara aiki a Najeriya, wadda ta ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko cikin abin da mutum ke samu a shekara. Ma'aikacin da aka yanke wa fiye da ƙima yana da damar neman rararsa, kuma a nan Kaduna hukumar KADIRS ce ke karɓar harajin albashin yawancin ma'aikata. To ko rarar haraji ce ta dawo maka, ko ariyas, ko kwasar adashi, tambayar ɗaya ce: me za ka fara yi wa mota?

Mu ɗauki misalin matashi a Unguwar Rimi mai Corolla ƙirar 2008, alat na naira 600,000 ya shigo masa. Zuciya tana cewa babban sikirin, sababbin rim, da sifika mai girgiza layi. Darasinmu na yau shi ne: ka fara tambayar motar kafin ka tambayi zuciyarka.

Kafin komai: kuɗin sun shigo da gaske?

Buɗe manhajar bankinka ka duba balas, kada ka dogara da saƙon tes. Duk wanda ya turo maka cewa "an mayar maka da haraji, latsa nan", sannan ya nemi BVN ko lambar sirrin katinka ko OTP, ɗan damfara ne.

Mataki na 1: Ka sa mota ta faɗi ciwonta

A ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD2. Tun 1996 aka wajabta ta a motocin da ake sayarwa a Amurka, shi ya sa kusan duk tokumbon da ke yawo a titunanmu tana da ita. Ka sayi ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth, wadda tana cikin mafi arahar kayan mota. Jona ta, murɗa makulli, haɗa ta da wayarka, sannan ka buɗe manhajar Torque ko Car Scanner.

Za ta nuna maka lambobi. P0300 na nufin injin yana tsallake wuta, sau da yawa filogi ne ko koyil. P0171 na nufin iska ta yi wa fetur yawa. Ka ɗauki hoton lambobin ka kai wa bakanike. Kada ka goge su don fitilar gargaɗi ta mutu. Goge lamba ba gyara ba ne.

Mataki na 2: Taya, birki da batir

Duba gefen tayarka, ka nemi kalmar DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar taya a matsayin wadda ta gama aiki bayan shekara 4 da ƙera ta, ko da zanenta bai cinye ba. Mai bin hanyar Zariya ko Abuja cikin zafin Maris da Afrilu ya san abin da fashewar taya ke jawowa.

Batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6 idan mota tana kashe, sannan tsakanin 13.7 da 14.7 idan injin yana aiki. Wannan ya zama dole ka sani, domin duk na'urar da za mu ambata a ƙasa daga batir za ta sha.

Mataki na 3: Tiraka da kyamara

Tiraka tana aiki da GPS da layin waya, tana nuna maka inda motarka take a taswira. Ka tambayi mai sayarwa: wane layi take ɗauka, tana da batirin kanta idan aka cire na mota, kuma nawa ne kuɗin sabuntawa a shekara? Da zarar an haɗa, canza lambar sirrin da ta zo da ita. Da yawa suna zuwa da 123456, kuma duk wanda ya san lambar layin zai iya bibiyarka.

Kyamarar gaban mota ita ce shaidarka ranar da aka goge ka a shataletale kowa ya ce shi ne mai gaskiya. Zaɓi mai kafasito maimakon mai batirin lithium, domin motar da aka ajiye a rana tana kumbura batir.

Mataki na 4: Shin ka koma gas?

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, maganar CNG ta yi ƙarfi. Lissafin mai sauƙi ne: raba kuɗin juyawa da abin da za ka rage a wata. Idan aikin zai ci 600,000 kuma za ka rage 40,000 duk wata, sai bayan wata 15 za ka mayar da kuɗinka. Mai haya zai ci riba da wuri. Mai zuwa ofis ya dawo, da sauransa. Ka kuma fara sanin inda za ka riƙa shan gas ɗin da tsawon layinsa.

Gargaɗi: CNG ba gas ɗin girki ba ne, matsinsa ya kai kusan bar 200. A Oktoban 2024 wata mota mai tukunyar ƙirar gida ta tarwatse a gidan gas a Benin. Cibiyar da aka amince da ita kawai za ka je.

Mataki na 5: Yanzu sai sikirin

Nemi mai RAM 4GB zuwa sama, mai ɗaukar Android Auto ko CarPlay. Wasu masu araha suna ƙarya a shafin bayanansu, don haka ka sauke manhajar AIDA64 ka gwada a gaban mai shago. Ka dage a yi amfani da soket ɗin da ya dace da motarka. Riwayan da ya yanke wayoyi ya naɗe da salatif, gobara ya ajiye maka.

Yadda za ka raba 600,000

- 300,000: taya, birki, batir da abin da na'urar ta gano
- 120,000: tiraka da kyamara
- 90,000: sikirin ko sifika
- 90,000: ajiya, kada ka taɓa

Farashi yana canzawa, don haka ka tambaya a shago uku kafin ka tura kuɗi, ka karɓi rasit. Idan kason farko bai isa ba, ka ɗebo daga na sikirin, ba daga ajiya ba. Sikirin zai jira wata kwasar, amma taya ba ta jira.

A darasi na gaba za mu koyi haɗa ELM327 da waya, mataki-mataki. Mu kwana nan.