Darasi na Goma Sha Huɗu: Baƙin da Rikici Ya Koro

A. Karatu

Ɗan gudun hijira shi ne mutumin da ya bar ƙasarsa, ya tsallaka iyaka zuwa wata ƙasa saboda yaƙi ko tsoron zalunci. Ba fatauci ne ya fito da shi ba. Ya gudu ne domin ya tsira da ransa. Wanda rikici ya raba da gidansa, amma bai fita daga ƙasarsa ba, ana kiransa ɗan gudun hijira na cikin gida.

Akwai dokokin da ke kare irin waɗannan mutane. A shekarar 1951 aka ƙulla yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yan gudun hijira a birnin Jeniba. Babbar ƙa'idarta ita ce, kada a tilasta wa mutum komawa inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. A shekarar 1969 kuma, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta ƙulla tata yarjejeniyar a Adis Ababa. Wannan ta faɗaɗa ma'anar ɗan gudun hijira, ta haɗa da wanda mamaya ko babban tashin hankali ya kora. Ta kuma bayyana cewa ba da mafaka aikin jinƙai ne, kada wata ƙasa ta ɗauke shi a matsayin gaba.

Nijeriya ta amince da yarjejeniyoyin nan biyu, ta kuma kafa hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa a shekarar 1989. Shekara guda bayan haka aka buɗe sansani a garin Oru na Jihar Ogun, domin waɗanda yaƙin basasar Laberiya ya koro.

Sai dai doka a takarda take. Ba ta dafa tuwo, ba ta shimfiɗa tabarma. Mutanen gari su ne ke fara yin wannan, kamar yadda aka gani a kan iyakarmu da Kamaru. Daga ƙarshen shekarar 2017, dubban mutane suka riƙa kwararowa daga yankunan Kamaru masu amfani da harshen Ingilishi, inda faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da 'yan aware. Sun shigo jihohin Kuros Riba da Binuwai da Taraba da Akwa Ibom, yawancinsu mata da yara. Kafin hukumomi su iso, mutanen ƙauyukan kan iyaka ne suka ba su ɗaki da abinci. Wasu ma harshensu ɗaya da baƙin, kamar al'ummar Ejagham da ke zaune a ɓangarorin iyakar biyu.

A shekarar 2018 aka buɗe matsugunin Adagom kusa da Ogoja, nesa da iyaka, domin baƙin su sami tsaro. Jama'ar wurin suka ba da fili. Gwamnati da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira suka yi musu rajista, suka ba su katin shaida. 'Ya'yansu suna zuwa makarantun gwamnati tare da yaran gari, marasa lafiyarsu kuma suna zuwa asibitocin da kowa ke zuwa.

Saukar baƙi masu yawa yana da nauyi. Rijiyar da take isar gida hamsin ba za ta ishi gida ɗari biyu ba. Aji yakan cika, itacen girki ya yi wuya, gonaki su yi kaɗan. Idan aka riƙa kai wa baƙi agaji, aka manta da talakan da ya sauke su, to ƙorafi zai taso. Saboda haka tsari mai kyau shi ne wanda zai amfani kowa: a haƙa rijiyar burtsatse ta gari duka, a ƙara azuzuwa, a bar baƙo ya yi noma ko sana'a domin ya ci guminsa.

Mu ma an sauke mu a wasu wurare. Lokacin da rikicin Boko Haram ya tsananta, 'yan Nijeriya da yawa sun sami mafaka a sansanin Minawao na arewacin Kamaru, wanda aka buɗe a shekarar 2013, da kuma yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar. Mai masauki na yau yana iya zama baƙon gobe. Shi ya sa Hausawa ke cewa, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

B. Sababbin Kalmomi

mafaka: wurin da mutum ke fakewa daga haɗari
yarjejeniya: abin da ɓangarori suka amince su bi
matsuguni: wurin zama
'yan aware: masu neman ɓallewa daga ƙasa
agaji: taimakon da ake ba wanda ke cikin wahala

C. Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ɗan gudun hijira da ɗan gudun hijira na cikin gida?
2. Wace ce babbar ƙa'idar yarjejeniyar 1951?
3. Su wa suka fara taimaka wa baƙin da suka zo daga Kamaru?
4. Kawo matsaloli biyu da masu masauki kan fuskanta.
5. Me karin maganar da ke ƙarshen karatun yake nufi?

D. Nahawu: Jinsi da Jam'i

Dubi waɗannan misalai:
baƙo (namiji), baƙuwa (mace), baƙi (jam'i)
ɗan gudun hijira, 'yar gudun hijira, 'yan gudun hijira

Kawo mace da jam'in waɗannan kalmomi: ɗan gari, maƙwabci, maraya, manomi.

E. Aikin Gida

Ana bikin Ranar 'Yan Gudun Hijira ta Duniya a ranar 20 ga Yuni kowace shekara. Rubuta jimloli takwas a kan yadda ajinku zai karɓi sabuwar ɗaliba wadda rikici ya raba da garinsu.