Kafin Ka Ɗaura wa Jif Ɗinka Tirela

Wannan takarda domin maigidan da ke neman mota ɗaya ce da za ta yi masa aiki biyu: ta kwashi iyali, ta kuma ja ƙaramar tirela wadda ake ɗora wata motar a kanta. Dillalan motoci da masu gareji su suka fi wannan buƙata. Da yawansu da sun ga jif mai tsayi da faɗin ƙirji sai su ce ai wannan ko gida za ta ja. To, ba a nan gizo ke saƙa ba.

Ka fara da nauyin abin da za ka ja. Tirelar ƙarfe mai taya huɗu, ita kaɗai ba kaya, takan kai kilo 700 zuwa 1,000. Corolla tana wajen kilo 1,300, Camry kuwa kusan 1,500. Ke nan abin da zai bi bayanka kilo 2,000 ne zuwa 2,500.

Kowace mota akwai iyakar da kamfaninta ya yanka mata, tana nan a rubuce cikin littafinta. Yawancin RAV4 da CR-V da aka ƙera don kasuwar Amurka laba 1,500 ce iyakarsu, wato kilo 680, ko tirelar kanta ba su isa ja ba. Highlander mai fulogi shida tana kaiwa laba 5,000, kimanin kilo 2,270, amma sai wadda aka haɗa mata kayan ja tun daga kamfani. Prado tana tsakanin kilo 2,500 da 3,500 gwargwadon shekararta da ƙasar da aka yi ta dominta. Babbar Land Cruiser da Nissan Patrol kilo 3,500. Waɗannan ukun na ƙarshe jikinsu a kan shasi mai zaman kansa yake zaune, kamar na a-kori-kura, shi ya sa suka fi jimirin ja. A kula, motar da ta fito daga Amurka da laba ake rubuta mata awo, laba kuwa ba ta kai rabin kilo ba. Wanda ya ga 5,000 ya ɗauka kilo ne, ya ninka wa motarsa kaya fiye da sau biyu.

Sai dai lambar nan ba da iyalinka a ciki aka samo ta ba, kuma wannan shi ne abin da dillali ba zai gaya maka ba. A shekarar 2008 ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE a Amurka ta fitar da ƙa'idar gwaji mai suna J2807. Akan ɗaura wa mota tirela a hau da ita gangaren Davis Dam a jihar Arizona, tafiyar kusan kilomita 18, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, ga na'urar sanyaya mota a kunne har ƙarshe. Gwaji ne mai tsanani, ba shakka. Amma a lissafinsu mutum biyu ne rak a motar, kowanne kilo 68. Ba uwargida da yara biyar, ba buhun shinkafa, ba jarkar mai.

Ga yadda abin yake. Bayan iyakar ja, akwai iyakar abin da motar za ta ɗauka a jikinta, ana manna ta a gefen ƙofar direba. Ita kuma tirela ba ja kawai ake yi mata ba, bakinta yana danne bayan motar, kuma masu wannan sana'a a Amurka sukan so dannin ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta duka. A ce takardar ƙofa ta ce kilo 600. Tirela da motar da ke kanta kilo 2,400, dannin ya cinye 240. Mutum shida, manya da yara, a ce 350. Saura kilo 10 kacal, ba a sa ko akwati ɗaya a but ba. In aka wuce haka sai bayan motar ya zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitila ta koma haska sama. Don haka ni dai shawarata, mai iyali ya nemi motar da iyakarta ta ɗara kayansa da kyau, kada ya sayi wadda ta yi daidai wa daida.

Sai birki. A Turai tirelar da ba ta da birkin kanta ba a yarda ta wuce kilo 750 ba, kuma manyan lambobin nan da aka ambata duk na tirela mai birki ne. Duk wanda ya taɓa gangarowa Hawan Kibo daga Jos ya san abin da tan biyu da rabi zai yi wa motar da yake turowa ta baya. A irin wurin nan a sauko da ƙaramar giya, kada a ɗora ƙafa a birki har ya ɗau zafi ya daina kamawa.

Zafin kuma shi ke kashe giya mai sarrafa kanta. Zafin Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu yakan haura digiri 40, motocin da ke hannunmu kuwa galibi 'yan Kwatano ne da suka sha tafiya. Kafin ka biya, bakanike ya duba lagireto, ya ga launin man giya, ya tabbatar akwai abin sanyaya shi, in babu a sa.

Maɗaurin tirela a shasi ake ɗaure shi da kusoshi, a ramukan da kamfani ya tanada. Kada ka yarda mai walda ya liƙa maka ƙarfe a bamba. A haɗa wayar fitilun birki da na sigina, a sa sarƙa biyu a giciye ƙarƙashin maɗaurin.

Wajen lodi, motar da za a ɗauka ta hau da gabanta, domin nauyin injinta ya faɗa gaban tayoyin tirela. In aka juya ta, da an ɗan yi gudu tirelar za ta fara lilo. Idan hakan ta faru kada ka taka birki da ƙarfi, kada ka yi kokawa da sitiyari. Ka riƙe shi sosai, ka ɗage ƙafa daga totur har ta lafa, sannan ka sauka gefen titi a gyara lodin.