Darasi: Fita Gona da Yara da Dangi

Idan kaka ta yi a ƙasar Taura, zaman gida ya ƙare. Ana yankan gero da dawa, ana cirar gyaɗa, ana kaɗe riɗi. 'Yan uwa mazauna Dutse da Kano sukan zo ganin gida, su taho da 'ya'yansu. Sai a ɗunguma gona tun da sassafe, manya da yara, tsofaffi da masu goyo.

Wannan fita abu ne mai kyau, kuma ya kamata a riƙe ta. A gona ne yaron birni zai bambance kanya da magarya, ya ga yadda ake ɗaure damin gero. A nan zai san Baffa da Kawu, ya san taubasansa, su yi tsere, su yi langa, su tsokani juna. Dubi tsohuwa a kan tabarma gindin tsamiya. Tana ɓare gyaɗa, jika na jingine da cinyarta, tana nuna masa iyakar gona da yatsa. Haka zumunci yake shiga zuciyar yaro.

Amma taro yana da haɗarinsa. Idan manya sun yi yawa, kowa yakan ɗauka wani ne yake lura da yaron.

"Ina Auta?"

"Ai yana wurin Gwaggo."

"A'a, ni na ga ya bi Yaya."

Kafin a ankara, ba ya wurin kowa. Maganin wannan ba shi da wuya. Tun kafin a bar gida, a damƙa kowane ƙaramin yaro a hannun babba guda, a kira sunansa kowa ya ji: "Gwaggo, Auta yana hannunki." Idan Gwaggo za ta tashi yin salla ko ɗauko abinci, sai ta miƙa shi ga wani da bakinta, ta jira har ya amsa. Kada a ɗora wannan nauyi a kan yarinya 'yar shekara 7 ko 8. Ita ma yarinya ce, wasa zai ɗauke mata hankali, kuma ba laifinta ba ne.

Babban abin tsoro shi ne ruwa. Yankinmu yana da fadamu, Kogin Haɗeja yana ratsa shi, ga kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini. Bayan damina duk suna cike. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa yara 'yan shekara 1 zuwa 4 suna cikin waɗanda nutsewa ta fi kashewa a duniya. Mutane da yawa suna zaton yaron da ruwa ya ci zai yi kuka. Ba ya yi. Shiru yake nutsewa, cikin ɗan lokaci kaɗan, ko da ruwan bai kai gwiwar babba ba. Saboda haka a shimfiɗa tabarma nesa da bakin ruwa. Idan kuwa dole a zauna kusa, yaro ya kasance inda hannunka zai kai gare shi. Idan an nemi yaro ba a gan shi ba, a fara duba ruwa da rijiya kafin ko'ina. Yaron da aka tsamo daga ruwa a kai shi asibiti, ko da ya farfaɗo yana wasa.

Manyan yara ma a hana su wanka a ruwan da yake kwance. A irinsa ake ɗaukar tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan dodon-koɗi, ta shiga ta fata. Daga baya sai a ga jini a fitsarin yaro. Wasu suna cewa alamar girma ce. Ciwo ne, kuma akwai maganinsa a asibiti.

Sai rana. Idan ta take, yara su koma inuwa. A taho da ruwan famfo ko na burtsatse a jarka mai murfi. Kada a taɓa zuba ruwan sha a robar da aka yi maganin feshi da ita, komai wankin da aka yi mata. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ya ishe shi. Uwar ce za ta yawaita shan ruwa.

A sa wa yara takalma, a hana su cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dami, don nan maciji da kunama suke fakewa. Idan maciji ya sari yaro, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take.

A kamo hanyar gida kafin magariba, lokacin da sauro yake fitowa. Kafin amalanke ta tashi, a kira sunan kowane yaro ya amsa.

Aiki: Rubuta sunayen yaran gidanku da ba su kai shekara 5 ba. A gaban kowane suna, rubuta sunan babban da zai riƙe shi ranar fita.