Karkatar da Ke Kashe Firijin Mota Mai Ɗaki

A Turai da Amurka akwai motocin da aka gina wa ɗaki a baya, da gado da madafa da banɗaki, iyali su ɗebi kayansu su yi makonni suna yawo, inda dare ya riske su nan za su yada zango. A Jamus da Faransa da Ingila an ware musu filaye na musamman. Wasu an shimfiɗa musu kwalta ko tsakuwa, wasu kuwa gefen gonar wani manomi ne kawai, ga ciyawa ga gangare. Mu da abincinmu yake cikin gyaran kayan waɗannan motoci mun san cewa yawancin masu su sun ɗauki daidaita tsayuwar mota a matsayin maganar jin daɗi, wato kada mutum ya kwana kansa na ƙasa ƙafafunsa na sama, kada mai ya taru a gefe guda na kasko. Wannan gaskiya ne, amma shi ne ƙaramin dalili. Babban dalilin yana cikin firiji, kuma ɓarnar da karkata ke yi masa ta fi aukuwa a lokacin da babu kowa cikin motar da zai ji a jikinsa cewa ta karkace.

Sai an san yadda firijin yake aiki za a gane maganar. Da yawa daga cikin waɗannan motoci suna ɗauke da firiji marar injin matsa iska, wanda zafi ne ke sa shi sanyi, ko na wutar gas, ko na lantarkin sansani, ko na batir idan injin mota na aiki. Wasu ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro shi a 1922, kamfanin Electrolux ya karɓi fasahar a 1925. Wanda ya taɓa ganin firijin kananzir da ake ajiye allurar rigakafi a ƙananan asibitocin karkara ya riga ya san danginsa, don uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. A bayansa akwai bututai a rufe ruf, cikinsu da ruwa da sinadarin amoniya da iskar haidurojin. Ana dafa ruwan a wata 'yar tukunya, amoniya ta tashi sama ta zama tururi, ta huce ta koma ruwa, sannan ta gangaro ta cikin bututan da aka jera a ɗan karkace, tana zuƙe zafin cikin firiji, har ta dawo inda ta fito. Babu famfo, babu wani abu mai juyawa. Zafi ke ɗaga ruwan sama, nauyinsa kuma ke gangaro da shi, kamar ruwan sama a kan indararo. Idan aka karkata firijin ta yadda bututun da ya kamata ya gangara ya koma hawa, ruwan zai kwanta a hanya, tukunyar ta ci gaba da shan wuta ba tare da isasshen ruwa ya dawo mata ba. A cikin ruwan akwai wani sinadari mai launin ɗorawa da aka zuba don hana tsatsa. Zafi idan ya wuce kima, sinadarin sai ya daskare ya manne a cikin siririn bututun da ke ɗaga ruwa sama, kuma abin da ya manne ba ya narkewa don an gyara tsayuwar mota daga baya.

To, karkata nawa ce ta yi yawa? Littafin kamfanin Norcold na Amurka ya sa iyaka a digiri 3 daga hagu zuwa dama, da digiri 6 daga gaba zuwa baya, idan mutum na tsaye yana fuskantar ƙofar firijin. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe. A galibin motoci firijin yana jingine da bangon gefe, ƙofarsa na kallon tsakar ɗaki, saboda haka hagu da damansa su ne gaba da bayan motar. Wato ƙaramar iyakar, ta digiri 3, ta faɗa ne a kan tsawon mota, inda aka fi yin sakaci. Digiri 3 kuwa tashi ne na santimita 5 da ɗan ɗoriya a kowace mita. A doguwar Fiat Ducato, wadda a kanta ake gina ɗimbin motocin Turai, tsakanin tayar gaba da ta baya mita 4 ne da 'yan kai, don haka idan tayoyin gaba suka fi na baya ƙasa da wajen santimita 21, an kai bakin iyaka. Titin da allonsa ya nuna gangaren kashi 5 cikin 100 ma kusan nan yake. A garuruwan kan duwatsu irin wannan titi ba a ma kiransa gangare.

Akwai masu cewa ai idan karkata ta kai haka, mutum zai ji tun kafin ya kwanta, zai kuma gyara. Haka ne, shi ya sa ba barcin dare ne ya fi kashe firiji ba. Abin da ya fi kashe shi shi ne motar da aka ajiye a gangaren ƙofar gida aka kunna firiji tun daren jajiberin tafiya don ya yi sanyi, ko wadda aka jingine a gefen hanya a gindin dutse, aka bar firiji a kan gas, aka tafi yawon buɗe ido tun hantsi sai la'asar. A duka biyun babu wanda ya zauna ciki. Wasu kuma su ce a kan hanya mota na hawa tudun da ya fi wannan kuma ba abin da ke faruwa. Ai a tafiya girgiza da juye-juye suna kaɗa ruwan, ba sa barin sa ya kwanta wuri ɗaya. Matsalar ta tsayuwa ce. Hujjar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta mai cewa ya yi shekaru yana ajiye motarsa yadda ya ga dama, firijinsa kuma lafiya lau. Amsar ita ce bututun ba ya toshewa rana ɗaya. Kowane karo yana ƙara ɗan ƙunci, firijin na ci gaba da aiki a lokacin sanyi, sai tsakiyar bazara ta zo ya kasa riƙe madara, mai shi ya ɗora laifin a kan zafin gari. Ranar da aka ji warin amoniya ko aka ga gari mai launin ɗorawa a bayansa, bututu ya riga ya fashe, sai a kashe shi nan take a buɗe tagogi, gyaransa kuma shi ne sauya dukan tarin bututan ko firijin baki ɗaya.

Gaskiya ne sababbin motoci da yawa sun koma firiji mai injin matsa iska, irin na gida, wanda karkatar 'yan digiri ba ta damunsa. Mai irin wannan ya huta da babbar damuwar, saura ƙananan: ruwan wanka ya ƙi bin magudana, ma'aunin tankin ruwa ya riƙa faɗin ƙarya, ƙofofi su riƙa rufe kansu. Amma ya fara tabbatar da wane iri ne nasa. Idan firijin yana aiki da gas, na zafi ne.

Ba kuma ina nufin a mai da abin waswasi ba. Akan ga mutum ya yi rabin awa yana gaba yana baya don ɗigon iskar ma'auninsa ya tsaya cif a tsakiya, yana ƙona kuloci a banza, alhali digiri ɗaya ba ya cutar da komai, har ma yakan taimaka wa ruwan sama ya sauka daga rufi. Ido ba mudu ba ne, kuma a kan gangare ko ƙimar ma ba ya sani, don shinge ma ya karkata tare da ƙasar. Ɗan ma'aunin magina mai ɗigon iska a cikin ruwa, a ɗora shi a daɓen mota ko a cikin firijin kansa, ya wadatar. Wayar hannu ma tana yi, kwano da ruwa ma yana yi. Kafin a ciro komai, a sauka a taka filin da ƙafa, don sau da yawa juya kan mota ko matsawa taku biyu ya gama aikin. Idan bai gama ba, sai a sa matakalar roba a gaban tayar da ke ƙasa. Irin waɗanda Fiamma da Thule da Milenco ke yi suna ɗaga taya daga wajen santimita 4 zuwa 10, manyansu har 16. A hau da giya ta ɗaya a hankali, mai nuna hanya ya tsaya a gefe inda direba ke ganinsa, ba a gaban mota ba. A ja birkin hannu, a bar ta a giya, a sa waigi kamar yadda yaran manyan motoci ke yi. A ƙasa mai laushi a shimfiɗa katako a ƙarƙashin matakalar, in ba haka ba da safe a tarar ta nutse. Bulo da tarin duwatsu ba kayan wannan aiki ba ne, suna farfashewa.

Masu hali sukan sa ƙafafun ƙarfe masu aiki da matsin mai, a danna maɓalli mota ta daidaita kanta. Suna da daɗi, amma suna da nauyin kilo gommai, kuma lasin tuƙin ƙaramar mota a Turai ya tsaya a kilo 3,500, don haka duk kilon da suka ci an cire shi ne daga kayan da za a ɗauka. Sannan birkin hannu tayoyin baya yake kamawa. Idan ƙafafun suka ɗaga tayoyin baya daga ƙasa a kan gangare, birkin ya zama ba shi da amfani. Kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da ƙafafun nan ko jak kaɗai ke riƙe da ita.

Akwai wurin da duk dabarar nan ba za ta kai ba, gangaren ya fi ƙarfin matakala kuma babu wani gurbi. A nan a kashe firijin kawai. Idan ƙofarsa na rufe, zai riƙe sanyinsa na wasu awanni, kuma firijin da ke kashe karkata ba ta yi masa komai. Don haka mai karatu, duk inda za ka tsaya ka bar motar, ko a ƙofar gidanka ne, ka ɗora ma'auni kafin ka kulle ƙofa. In ta wuce digiri 3, ka gyara tsayuwa ko ka kashe firijin.