Motsa Jiki Ya Gundure Ni

Tambaya: Anti, duk Janairu nakan ɗauki alwashin yin gudu kullum da asuba, amma kafin mako uku na watsar. Ina mafita? (Wani ma'aikaci daga Zariya)

Amsa: Ɗana, ba lalaci ne ya kayar da kai ba. Ka zaɓi abin da ranka ba ya so, cikin sanyin hunturu da ƙura, kuma kai kaɗai. Wa zai jure?

Ka tuna langa a dandali? Ƙafa ɗaya a hannu, kuna tsalle kuna ture juna a farin wata, gumi sharkaf, har sai an kira ku ku kwanta. Babu wanda ya tilasta muku. Can za ka koma. Tara abokai ku taɓa ƙwallo bayan la'asar, ko ka sayi igiya ku yi gasar tsalle da yaranka. Za su cinye ka, kada ka ji haushi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Ba ta ce dole sai gudu ba. In kana da hawan jini ko ciwon gwiwa, fara ganin likita, langar kuma a jinkirta ta.