Kafin Ka Fesa wa Bambar Motarka Fenti a Gida

Motar da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Jega, ta Bodinga da Lambara, da wuya ta shekara bambarta lafiya: ko ɗan kabu-kabu ya goge ta ranar kasuwa, ko tirela ta watso mata tsakuwa. Mu masu fentin mota, aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne bambar da mai ita ya riga ya fesa da gwangwani a gida. Ba laifi mutum ya gyara kayansa da hannunsa. Abin da nake so direbobinmu su gane shi ne, ido yana yafe ɗan bambancin kala, amma ba ya yafe layin da sabon fenti ya tsaya tsoho ya fara. Gyaran bamba kacokan aikin ɓatar da wannan layin ne.

Wani zai ce ai ya sayi kalar da lambar fentin motarsa, don haka dole ta saje. Neman lambar daidai ne. A Toyota tana kan takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba, gaban haruffan C/TR: 040 fari ne, 202 baƙi, 1F7 silba. A Golf kuma tana cikin but, kusa da safayar taya. Sai dai lambar tana ba ka kalar motar ce ranar da ta bar kamfani. Wadda ta shekara goma tana shan ranar ƙasar Sakkwato, inda zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu, ta riga ta koɗe, balle wadda aka sake wa fenti kafin ta zo hannunka. Silba ta fi wuyar sha'ani, domin akwai ɓurɓushin alminiyam a cikinta: in ka fesa da kauri sai ta yi duhu, in ka fesa daga nesa ta yi haske, duk daga gwangwani guda. Tunda dacewar kala ɗari bisa ɗari ba ta samuwa, mafita ita ce a narkar da sabon cikin tsohon a hankali.

Narkarwar tana farawa tun kafin feshi. Yawancin bambobin yanzu roba ce. In ka leƙa cikinta za ka ga an buga PP, kuma fenti ba ya kama irin wannan robar sai an fara sa mata firaimar roba. Wanke ta da ruwa da sabulu, ka goge bakin ciwon da samfefa mai lamba 320 har ka rufe ido ka shafa da ɗan yatsa ba ka ji tudu ba, ka sa firaima, in ta bushe ka bi ko'ina da 800. Kada ka kewaye wurin da salatif. Ranar da ka ɓare shi za ka ga layin da kake gudu ya fito ɓaro-ɓaro. Riƙe gwangwani nisan taƙi guda. Zuwan farko ya rufe firaimar kaɗai, na biyu ya zarce da faɗin tafin hannu, na uku ya zarce haka kuma, kana ɗaga hannu a ƙarshen kowane zuwa don fentin ya riƙa sirancewa. Tsakani ka jira sheƙin ya dushe. Kiliya kuwa, wato ruwan sheƙin da ke sama, ba a tsayar da ita a fili: a game bambar duka, ko a kai ta wani lanƙwasa na jikinta.

A nan ne ake cewa kuɗin ya yi yawa, ƙarin gwangwani don tabo kamar kwabo. Araha ba ta ado. Inda kiliya ta ƙare a tsakiya nan ne ta fi siranta, nan rana ke fara ci, sai wurin ya yi fari ya soma ɓarewa, a dawo a kankare a sake biya. Lokaci ma yana cikin lissafi. Da tsakar rana fenti yana bushewa a iska kafin ya sauka, ya fito garas-garas. Da hunturu ƙura ke manne masa. Ka yi da sassafe a inuwa, ka yayyafa wa ƙasa ruwa. Kiliya mai haɗin hadna, wato ruwan da ke sa ta taurara, tana ɗauke da sinadarin isosayanet da ke jawo asma, kuma naɗa rawani a hanci ba ya tare shi. A nemi takunkumin masu fenti, a nisanta yara, a nisanci wuta.

Ana iya cewa mai fenti ne ke neman kasuwa. Ƙarzanen da ke kusurwa, a farar mota ko baƙa marar ƙyalli, mai haƙuri zai iya shi a gida da waɗannan matakan. Amma bambar da ta yage, ko fari mai ƙyalli irin 070 na Toyota da ake fesawa hawa uku, wannan aikin gareji ne. In ka kai, tambayi mai fentin ko zai sa firaimar roba, kuma ina kiliyarsa za ta tsaya. Wanda ya san aikinsa zai nuna maka wurin da yatsa kafin ku yi ciniki.